Shawara: Maigidana ya ajiye maganin hawan jini, wai ni ce mai mugun fata

Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan saƙon daga Aliero, ta roƙi a sakaya sunanta, na ɗan rage shi dan ya yi tsawo.

"Salamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, shekararsa 53. Bara bayan babbar sallah ya yi ta fama da ciwon kai, da ƙyar ya je asibiti aka auna shi aka ce jininsa ya hau, 176 bisa 104, aka rubuta mai magani ƙwaya ɗaya kullum. Ya sha kamar wata biyu, da ya ji garau sai ya ajiye ya koma tafarnuwa da zuma. In na yi magana sai ya ce 'Ke mi ad damuwakki? Lahiya lau nike, bari yi min mugun hwata.' Alhali yayansa uwa ɗaya uba ɗaya shekara uku kenan yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye, na sha ce mai ya dubi Yaya ya ji tsoron Allah, sai ya ce ai Yaya zama ne ya yi mai yawa, shi kuwa kullum yana bisa hanya. Mutum ne mai fara'a wallahi, ko asara ya tafka sai ya yi dariya ya ce baɗi a mayar. Kwanan baya har ya nuna min wani bidiyo a waya wai Turawa sun yi bincike masu kyakkyawan zato sun fi tsawon rai, ya ce to kin ji, ni zan daɗe, ke ce za ki jawo ma kanki ciwo. Abokiyar zamana ta ce in fita harkarsa. Ni kuwa in ya bi mota zuwa Kudu ko barci ba na yi. Anti ni ce ba ni da tawakkali? In ƙyale shi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ƙyale shi, kuma tawakkalinki ba abin da ya same shi, matar da ta ga 176 bisa 104 a katin mijinta ga kuma yayansa a kwance, in hankalinta bai tashi ba ai ita ce abin tuhuma. Amma fa zan gaya miki abin da ƙila ba zai miki daɗi ba, wannan hanyar ta tsoratarwa da tuna mai Yaya ko shekara goma za ki yi a kanta da wuya ta ɓulle, kuma ba taurin kansa ne kaɗai ya jawo ba, yawancin mutane haka zuciyarsu take.

Bidiyon nan da ya nuna miki bai yi ƙarya ba, gara ki sani tun yanzu kar ki je kina musu da shi a inda ya fi ki gaskiya. A 2019 masana a Jami'ar Boston ta Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar da aka yi wa mata ma'aikatan jinya kusan dubu 70 na shekara 10, da tsofaffin sojoji maza sama da 1,400 na shekara 30, suka ga waɗanda suka fi kyautata zaton gobe rayuwarsu ta fi ta masu munana zato tsawo da kashi 11 zuwa 15 cikin 100, kuma sun fi samun kaiwa shekara 85. A shekarar dai wani likitan zuciya mai suna Alan Rozanski da abokan aikinsa suka haɗa bincike 15 da suka ƙunshi mutum sama da dubu 229, suka ga masu kyakkyawan zato haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki ya ragu musu da kusan kashi 35 cikin 100. To kin ga wannan fara'ar ta maigidanki dukiya ce, ni ba zan taɓa ce miki ki kashe mai ita ba, gidaje da yawa suna neman miji irinsa ba su samu ba.

Sai dai bidiyo na minti ɗaya ba zai gaya mai me waɗancan mutanen suke yi in gari ya waye ba. Da aka duba rayuwarsu an ga wani kaso na amfanin daga ayyukansu yake fitowa, sun fi motsa jiki, ba su cika shan sigari ba, sun fi kula da abin da suke ci, kuma in likita ya ce yi kaza sun fi yi saboda sun yarda zai yi amfani. Tun a 1989 Michael Scheier da abokan aikinsa suka bibiyi maza da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya, masu kyakkyawan zato a cikinsu sun riga saura miƙewa su fara takawa, kuma su ne aka ga suna ta tambayar me ya kamata su yi bayan an sallame su, suna tsara yadda za su koma harkokinsu. Wato fatan ne ya tashe su tsaye ya sa suka kama aiki. Babu ko ɗaya a cikin binciken nan da ya ce mai hawan jini in yana da fara'a ya zubar da ƙwayarsa. Hasali ma a 2004 an yi wani bincike a Ostiraliya kan mutum 179 masu kansar huhu, aka auna kyakkyawan zatonsu tun farkon jinya, daga ƙarshe ba a ga ya ƙara musu tsawon kwana ba. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana ce wa mara lafiya ai kai ka sa wa ranka shi ya sa ba ka warke ba, zalunci ne wannan, an bar shi da ciwo an ƙara mai da laifi. Dan Allah ko Yayan naku kar a riƙa gaya mai haka.

Yanzu ga inda matsalar maigidanki take. Akwai mai cewa in na yi abin da ya dace insha Allahu za a ga da kyau, akwai kuma mai cewa ni abin nan ba zai same ni ba, wasu yake samu. Daga nesa kamar halinsu ɗaya, dukkansu suna murmushi suna cewa ba komai, amma na farko yana da kati a asibiti na biyu ya manta inda ya jefa nasa. A 1980 wani malami a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Neil Weinstein, ya tambayi ɗalibai, kowa ya kwatanta kansa da sa'o'insa na makarantar, yaya kake ganin yiwuwar ka gamu da ciwon zuciya, ko cutar kansa, ko mutuwar aure, ko kora daga aiki? Akasarinsu suka ce nasu haɗarin bai kai na sauran ba. To ai lissafi ba zai yarda ba, ba yadda za a yi kusan kowa a aji ya fi 'yan ajin tsira. Da ya bi diddigi sai ya ga kowa in an tambaye shi abubuwan kirkin da yake yi yake ƙirgawa, ya manta sauran ma suna da nasu, kuma abin ya fi ƙarfi a kan musibar da mutum yake ganin yana da iko a kanta, musamman in yana da hoton wani irin mutum a kansa da yake ganin su abin yake kamawa. Daga baya ya gano haka a masu shan sigari ma, kowannensu yana ganin sauran mashaya sun fi shi shiga haɗari. Ki sake karanta maganar maigidanki, Yaya zama ne ya yi mai yawa, ni kullum ina bisa hanya. Ita ce sak. Ya nemo bambanci ɗaya tsakaninsa da Yaya ya riƙe gam, ya bar abin da ya haɗa su wanda ya fi girma, uwa ɗaya uba ɗaya, hawan jini kuwa yana bin dangi. Sannan zaman gaban babbar mota kwana biyu daga Aliero zuwa Kudu ana cin goro dan kar a yi gyangyaɗi, wannan ba motsa jiki ba ne, wahala ce kawai.

Kuma kar ki ɗauke shi wani na daban. Tali Sharot, wata masaniyar ƙwaƙwalwa a Landan da ta daɗe tana aiki a kan wannan halin, ta ce kusan mutum 8 cikin 10 suna da shi. Mu ma nan muna ganinsa kullum, ɗan kabu-kabu ya ɗauki mutum uku ba hular kwano yana gudu alhali jiya ya je jana'izar abokin sana'arsa, a bakin ruwa wajen Yauri da Ngaski kowa ya san abin da ya faru a Warrah a 2021 da jirgi ya nutse da mutane masu yawan gaske, amma in jirgi ya cika maƙil za a samu mai cewa a ƙara mutum ɗaya ba komai, wasu dole ce ta sa su, wasu kuwa zuciya ce ke raya musu ba yau ba. Kuma wallahi rahama ce ta wani gefen, ba dan wannan halin ba wa zai koma fadama ya sake zuba iri bayan ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar mutane a Kebbi? Wa zai sake sayen albasa bayan ta karye a hannunsa? Masu bincike sun ga waɗanda ke cikin ciwon damuwa mai tsanani su ne suka rasa wannan karkatar zuwa ga fatan alheri, kuma ba wanda zai so ma mijinsa irin wannan rayuwar.

Abin da ya sa nake jin tsoron haɗuwar wannan halin da hawan jini musamman, shi ciwo ne mai kisan mummuƙe. Zazzaɓi zai kwantar da mutum ko yana so ko ba ya so, haƙori zai hana shi barci har sai ya nemi magani, shi kuwa hawan jini yawancin lokaci ba ya ciwo ko kaɗan, mutum yana cin tuwonsa yana raha yana ciniki alhali jinin yana dukan bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido dare da rana, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma 4 cikin 5 na masu shi ba sa samun kulawar da ta isa ta sauko da shi. Iyakar da ake ɗauka a asibiti 140 bisa 90 ce, ki duba inda nasa yake. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankinmu da hannun hawan jini a ciki. To mai cewa lahiya lau nike, jikinsa ba zai ƙaryata shi ba sai ranar da abin ya faru. Ciwon kan da ya tafi ba shaidar warkewa ba ce, mutum zai iya zama da 180 ba ciwon kai ko ɗis. Maganin kuma ba ya cire ciwon, riƙe shi yake, ranar da aka daina a hankali jinin yake komawa inda ya fito.

Maganar tawakkali kuwa, shi ma yana da madogara, Manzon Allah (SAW) yana son kyakkyawan fata kuma ya hana camfi, an kuma umarce mu da kyautata wa Allah zato. Amma shi ne dai ya ce wa mutumin da ya tambaye shi ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ɗaure ta sannan ka yi tawakkali, kuma ya ce bayin Allah ku nemi magani. Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali? Sai dai shawarata kar ke ki tsaya kina jawo mai hadisi kamar kuna muƙabala, namiji irinsa da wuya ya karɓi wannan daga bakin matarsa a lokacin da ake cikin ja-in-ja. In akwai limamin da yake girmamawa ko wani amininsa a kasuwa wanda shi ma yake shan maganin, a bi ta nan cikin sirri.

To me ya sa na ce tsoratarwa ba za ta yi ba? Ita Sharot ɗin a 2011 ta yi wani gwaji, a tambayi mutum yiwuwar wata musiba ta same shi, ya faɗi, sai a nuna mai ainihin adadin, daga baya a sake tambayarsa. In adadin gaskiyar ya fi abin da ya zata sauƙi, nan take yake gyara ra'ayinsa ya karɓa hannu biyu. In kuwa ya fi muni, ɗan kaɗan yake matsawa, wani ma kamar bai ji ba. Ya ji fa, har zai iya maimaita miki lambar, amma bai sa kansa a ciki ba. Kin ga duk ranar da kika ce ka dubi Yaya, maganar tana tsayawa a bakin ƙofa, abin da yake shiga kawai shi ne matata tana min fatan kwanciya. Ƙofar da take a buɗe a wajen maigidanki ta albishir ce, to ki shiga ta nan, kuma ba sai kin yi ƙarya ba dan albishir ɗin gaskiya ne. Wani bincike da ya tattara gwaje-gwaje sama da 100 aka buga a 2016 ya nuna duk maki 10 da aka sauke daga lambar sama ta awon jini, haɗarin shanyewar jiki yana raguwa da kusan kashi 27 cikin 100, na gazawar zuciya da kusan 28. Ɗan kasuwa ne, ya san riba in ya gan ta. Ki ce mai Alhaji ai kai ka yi sa'a, an gano naka tun kana tsaye da ƙafarka, mutane nawa ne ba su samu wannan ba, ƙwaya ɗaya da asuba ka ci gaba da zuwa Kudu ka aurar da 'ya'yanka ka ga jikoki. Maganar abin da yake so ya gani a gaba za ki riƙa yi mai, dan can idonsa yake kallo.

Ga kuma abin da ya sani ya fi ni ya fi ki. In ya zuba albasa a ajiya yana jiran ta yi tsada, ai da kyakkyawan zato ya zuba, amma ba ya rufe ta ya tafi wata huɗu ya ce insha Allahu ba za ta ruɓe ba, yana leƙawa, yana juyawa, yana tsince wadda ta fara lalacewa, yana kare ta daga danshi, kuma ba wanda ya taɓa ce mai wannan rashin tawakkali ne. Wata rana da yake cikin nishaɗi, ku biyu kawai, ba gaban abokiyar zamanki ba ba gaban yara ba, ki tambaye shi wannan cikin wasa da dariya, ki bar shi ya ba kansa amsa, kar ki ƙarasa mai.

Akwai wani abu kuma da nake so ki bincika a hankali, dan sau da yawa lahiya lau nike rufi ne, akwai dalilin da ba a faɗa ba a ƙarƙashi. Wasu magungunan hawan jini suna da abin da suke jawowa, amlodifin kan kumbura ƙafa, lisinofiril kan sa busasshen tari mai naci, masu sa fitsari suna takura matafiyi a mota, wasu kuma suna taɓa ƙarfin namiji a harkar iyali, wannan kuwa mai mata biyu zai gwammace ya ajiye maganin shiru da ya buɗe baki ya faɗa wa kowa. Wani kuma kuɗin saye duk wata ne, wani kunya ce kar abokan kasuwa su ce ya zama majinyaci, wani tsoro ne tsagwaronsa, yana zuwa gaida Yaya yana fitowa gabansa na faɗuwa sai ya rufe da dariya. Ki tambaye shi da taushi, lokacin da kake sha akwai abin da ya dame ka game da shi? In akwai, albishir ne shi ma, magungunan kala-kala ne, likita zai iya canza mai wani, hawan jinin da aka bari ba magani ma shi kansa yana kashe ƙarfin namiji saboda jijiyoyin jini yake lalatawa.

In da hali ki sayi na'urar awon jini ta gida, wadda ake ɗaurawa a damtse, ana samu a manyan kemis a Birnin Kebbi ko Jega. Kar ki ce tasa ce, ki ce ta gida ce, ki fara auna kanki a gabansa, a auna abokiyar zamanki, a auna duk babban da ke gidan, kuma da gaske nake dan ku ma kuna buƙata. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafa a ƙasa, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, ba a bayan goro ko shayi ko sigari ba, ba surutu, a auna sau biyu, safe da yamma na mako guda a rubuta a littafi. Wanda ya saba da lissafin buhu zai fi yarda da lambar da ya gani da idonsa a kan maganar kowa, kuma in ya koma magani ya ga lambar tana sauka mako bayan mako, wannan murnar ita za ta riƙe shi fiye da duk wani faɗa naki. Amma kar ki ɗauko ragowar ƙwayoyin bara ki ce ya ci gaba, watanni sun wuce, ya koma asibiti da littafin a sake duba shi, a yi mai gwajin ƙoda da suga da fitsari, ko babban asibitin da ke kusa da ku ko Sir Yahaya a Birnin Kebbi. In ya fara, a haɗa shan da sallar asuba dan kar a manta, a sa wani a aljihu ko jakar tafiya dan kar ya ce na baro shi gida, da azumi kuma likita zai gaya mai ko da sahur ko da buɗa baki.

Tukunya kuma a hannunku take ku biyu, shi ya sa ban so ki bar abokiyar zamanki a waje. Ta ce ki fita harkarsa, ƙila dan tana gudun ɓacin ransa ne, amma in ya kwanta ku biyu za ku yi jinya, ku biyu za ku rasa mai nema. Ki same ta da girmamawa ki nuna mata ba neman fada kike a wajen miji ba, dan in ke kin rage gishiri ranar girkinki ita ta zuba nata yadda aka saba, ke za ki zama mara iya miya kuma ba abin da ya canza. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ishi babba a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da wanda ke cikin magi da burodi da kilishi da yajin tsire, kanwa ma tana cikin lissafi. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan ana ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Tafarnuwarsa da zumarsa kar ki yaƙe su, ya ci abinsa, zoɓo mara suga ma an ga yana ɗan saukar da jini, amma ba ɗayansu da zai sauko da 176 zuwa inda ake so shi kaɗai, kuma ya gaya wa likita duk abin da yake sha. Abin da za ki sa wa ido sosai magungunan ciwon jiki ne irin diklofenak da ibufurofen da matafiya ke saye a tasha suna haɗiya kamar gyaɗa, suna ƙara hawan jini suna kuma taɓa ƙoda, haka lemukan gwangwanin nan na hana barci da haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi da ba a san me ke ciki ba.

Sai ke ƙanwata, dan saƙonki ya nuna min ke ma kina buƙatar a duba ki. A nan maigidanki ya faɗi gaskiya, rashin barci da zullumi na wata da watanni suna cin jiki. Ki yi duk abin da na lissafa iyakar iyawarki, amma ki sani babba ne, ba za ki haɗiye mai ƙwaya ba, in kin faɗa kin tanada kin nemo masu tayawa kin yi addu'a to kin sauke naki, abin da ya biyo baya ba a wuyanki yake ba. Kar ki mayar da kowace hira ta zama ta magani har ya fara gudun ɗakinki, sau ɗaya a natse ya fi sau goma cikin fushi. In rashin barcin ya ci gaba, ko kika ga abinci ya fita ranki, ko kuka yana zo miki ba dalili, ki je asibiti ki faɗa wa likita ko nas kai tsaye, ba abin kunya ba ne kuma ana samun sauƙi.

Wannan na ƙarshen kuma ki koya wa duk babban da ke gidan har da yaron motarsa, ko ya koma magani ko bai koma ba. In aka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi ko ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko ganinsa ya dushe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa yi ba, ko ƙirji ya riƙe da numfashi sama sama, a sa shi a mota zuwa babban asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna ya ce ai ya ware. Kar a ɗura mai ruwa ko rubutu ko wani magani a baki dan zai iya shaƙewa, kar a tsaya a ce bari gari ya waye, addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya. Haka in na'urar ta nuna 180 bisa 120 ko sama, a bar shi ya huta a sake aunawa, in bai sauka ba a kai shi a ranar.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba Yayanku sauƙi, ya sanyaya miki zuciya. Ki rubuto min bayan kun yi awon mako ɗayan nan in ji lambobin, naki da nasa.